Yini Guda a Legas: Yadda Mata da Miji Za Su Zaga Tsibiri, Su Ƙare da Kallon Wasan Daɓe

Ma'aurata da yawa daga Arewa sukan sauka Ikko don biki, ko neman biza, ko sarin kaya, su yi kwana biyu ko uku su koma gida ba su ga komai ba sai bayan motar da ke gabansu a gosulo. Abin yana damuna, domin yini ɗaya in an tsara shi ya isa mutum da iyalinsa su tsaya a filin da aka karɓi mulkin kai, su ga motar da aka harbi Murtala a cikinta, su leƙa masallacin da ya haura shekara 130, sannan da yamma su zauna kafaɗa da kafaɗa su kalli wasan kwaikwayo, 'yan wasa na numfashi a gabansu, ba a fuskar waya ba.

Dabarar guda ɗaya ce. A fara sayen tikitin wasa, a gina sauran yinin da baya da baya daga lokacin da za a ɗaga labule, kuma da zarar an tsallaka gada an shiga Tsibiri, wato ɓangaren Legas da ruwa ya kewaye, kada a sake fita da mota sai an tashi komawa masauki.

Ku fara da wasan, tun kuna gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gidajen wasan daɓe na Legas ba kullum suke da wasa ba, yawanci Asabar da Lahadi ne da ranakun hutu, kuma watan Disamba ne kakarsu, sai lokacin hutun Ista. Saboda haka mako biyu ko uku kafin tafiya, ku buɗe shafukansu na Instagram ku ga abin da ke tafe.

Wurare huɗu ne suka dace da wannan tsari. Akwai Terra Kulture a titin Tiamiyu Savage, Tsibirin Victoria, wadda lauya Bolanle Austen-Peters ta kafa a 2003. Zaurenta yana ɗaukar mutum kusan 400, kuma a harabar akwai gidan abinci da ɗakin zane-zane da kantin littattafai. Ga waɗanda ba su taɓa shiga gidan wasa ba, nan nake fara nuna musu, don komai na wuri guda. Akwai cibiyar MUSON a Onikan, dab da gidan tarihi, inda ake kiɗe-kiɗe da manyan wasanni. Akwai Freedom Park, mai dandamali a fili, iska na kaɗawa. Sai zauren tunawa da Glover a titin Customs kusa da Marina, wanda a tsohon gininsa ne Hubert Ogunde, wanda ake ɗauka uban wasan daɓe na zamani a ƙasar Yarbawa, ya nuna wasansa na farko a 1944. Glover ɗin nan shi ne Baturen da ya haɗa 'yar rundunar da ake kira Hausawan Glover a 1863, wadda sojan Nijeriya ke danganta asalinsa da ita.

Kafin ku biya, ku kira lambar masu sayar da tikiti ku yi tambaya uku. Da wane harshe ake wasan? Yawanci Turanci ne gauraye da Burokin da Yarbanci, kuma in Yarbancin ya yi yawa za ku zauna jama'a na ƙyalƙyala dariya ku kuna kallon juna. Tsawonsa awa nawa, kuma akwai hutu a tsakiya? Ta ukun ita ce mafi muhimmanci gare mu: wane irin wasa ne? Wasannin waƙa da rawa su suka fi tashe a Legas, suna da armashi ƙwarai, amma wasunsu shigar 'yan rawar da salon rawar ba abin da kowane maigida zai so ya zauna da matarsa ya kalla ba ne. Ba abin kunya ba ne a tambaya. Wasannin tarihi, na sarakuna da yaƙe-yaƙe da gwagwarmayar siyasa, su suka fi sauƙin zama, kuma nan ake ganin gwanintar ɗan wasa sosai. Ku kalli guntun bidiyon tallar tare, ku yanke shawara tare. Kada maigida ya zaɓa shi kaɗai da sunan ba-zata.

Sai batun lokaci, wanda a nan ne sallah ke shigowa. A ƙarshen mako sau da yawa ana wasa biyu, na rana wajen ƙarfe 3, na dare wajen 6 ko 7. Legas tana yamma da Kano sosai, don haka lokutan sallarta suna bayan na Kano da kamar minti 20 in an duba tsakar rana, kuma faɗuwar ranarta ba ta cika sauyawa ba: daga wajen 6:25 a Nuwamba zuwa ɗan wuce ƙarfe 7 a Yuli. Ma'ana, wasan ƙarfe 7 a Disamba yana ba ku damar yin Magariba a natse ku shiga. Wasan ƙarfe 6 kuwa Magariba za ta same ku a kujera a kowane wata. Na ƙarfe 3 yana haɗiye farkon La'asar, kuma yana yanke muku yawon rana. Ni na ƙarfe 7 nake zaɓa, kuma a kansa na gina abin da ke biye. Ku matafiya ne, akwai rangwamen ƙasaru, amma batun haɗa salloli ku tambayi malaminku tun a gida, ba a ƙofar zaure ba.

Wajen zaɓen kujera, ku nemi layukan tsakiya. Na gaba-gaba wuya ke ciwo, kuma ba a ganin tsarin rawa gaba ɗaya. In tikitin ba shi da lambar kujera, wanda ya riga zuwa shi ke zaɓa. Ku ɗauki hoton tikitin ku ajiye a wayoyinku biyu, don intanet yakan yi gardama a daidai lokacin da ake bukatarsa.

Rana, masauki, da hanyar shiga

Asabar ta fi. Ma'aikatan ofisoshin Marina da Broad Street suna gida, hanya ta ɗan sarara. Lahadi ta fi kowace rana sauƙin hanya, amma kasuwanni a rufe suke, kuma sai kun kira gidan tarihi kun tabbatar yana buɗe. Juma'a da yamma ku bar ta. In da hali ku kauce wa Yuni da Yuli, lokacin da ruwan sama ke cika titunan Tsibiri.

In aljihu zai ɗauka, ku kama ɗaki a Ikoyi ko Tsibirin Victoria ko da na daren nan ɗaya ne. Abin da kuka biya zai dawo muku ta hanyar awannin da ba ku ɓata a mota ba, kuma za ku samu inda za ku watsa ruwa ku sauya kaya kafin wasa. In kuma wajen 'yan uwa kuka sauka a Agege, ko Idi-Araba, ko Mile 12, to sammako ya zama dole. Ku bar gida kafin 7:30. Gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, da sanyin safiyar Asabar abin sha'awa ce, ruwa dama da hagu, ga gidajen katako na Makoko a kan ruwa, ga masunta cikin kwale-kwale.

Mota ta manhaja, Uber ko Bolt ko inDrive, ita ce abin hawanku. An hana acaɓa a Tsibiri da Ikoyi da Victoria tun 2022, kuma ko ba a hana ba, ba abin hawan wannan rana ba ne. Danfo kuwa, ƙananan bas ɗin haya na Legas, ku bar wa 'yan gari, musamman da dare. Waɗanda suka sauka ta wajen Mile 2 ko Alaba suna da sa'a, domin jirgin ƙasa na shuɗin layi da ya fara ɗaukar fasinja a Satumba 2023 yana kawo mutum har Marina, sai dai da katin Cowry ake hawa, ana saye a tasha.

Kayan da za ku riƙe kaɗan ne: ruwan sha, ƙaramar darduma mai naɗewa, batirin cajin waya, 'yan kuɗi a hannu ƙanana-ƙanana, da takalmi maras tsini. Uwargida ta sa takalmin kwalliyar a jaka sai yamma. Gwal kuma ya zauna a masauki.

9:30, gidan tarihi na Onikan

Nan za ku fara, kuma nan za ku fi daɗewa. An buɗe shi a 1957 bisa ƙoƙarin Kenneth Murray, Baturen da ya shafe shekaru yana tattara kayan tarihin ƙasar nan. Ginin ba shi da wani ƙyale-ƙyale, kada wannan ya kashe muku jiki. Da kun biya kuɗin shiga, ku nemi ma'aikaci ya zagaya da ku, ku ɗan yi masa alheri a ƙarshe. Ku tambaya kafin ku ɗaga waya, don ba ko'ina aka yarda a ɗauki hoto ba.

Ku tsaya gaban kawunan yumɓu na Nok. Daga kudancin Kaduna suka fito, masu haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928, kuma shekarunsu sun haura 2,000. Ku matsa kusa ku dubi idon: an zana shi mai kusurwa uku, an huda ƙwayar, ga kitso a kai an tsara shi tsaf. Uwargida za ta riga maigida lura da kitson nan. Daga nan sai tagullar Benin da sassaƙen Yarbawa da kayan sarautu.

Amma abin da ke sa Bahaushe yin shiru yana wani ɗaki daban, inda aka jera hotunan shugabannin Nijeriya. A nan baƙar Marsandin Janar Murtala Muhammed take. Ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis a barikin Dodan, ba jiniya ba ayarin motoci, sojojin da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya jagoranta suka buɗe wa motar wuta a Ikoyi. Yana da shekara 37, bai cika wata bakwai a kan mulki ba, kuma kwana goma kacal kafin nan ya sanar da cewa za a mayar da babban birnin ƙasa Abuja. Dogarinsa, Laftanar Akintunde Akinsehinwa, shi ma a nan ya rasu. Ramukan harsashi suna nan a jikin ƙarfen. Duk wanda ya tashi yana jin sunan Murtala a bakin iyaye, yana ganin fuskarsa a takardar naira 20, yana wuce asibitinsa a Kano, zai ji wani abu ya tsaya masa a ƙirji. Kada ku yi sauri a ɗakin nan. Ku yi masa addu'a, sannan ku fita.

Tsallaken titi akwai cibiyar John Randle ta al'adu da tarihin Yarbawa, sabon gini mai kyan tsari. In ƙarfe 11 ba ta yi ba, ku ba ta minti 40. In ta yi, ku wuce.

Filin Tafawa Balewa

Tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa. A da filin sukuwa ne na Turawa, kuma a nan aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore-fari-kore a daren da ya wayi 1 ga Oktoba 1960, Gimbiya Alexandra ta miƙa wa Sir Abubakar Tafawa Balewa takardun mulki. Ginin da ake gani yanzu na 1972 ne. A ƙofa akwai manyan gumakan fararen dawaki sun yi tsaye da ƙafafun baya, da jajayen gaggafa a sama. Minti 15 ya isa: ku tsaya, ku ɗauki hoto, ku ci gaba. Wurin tashar manyan motocin bas ce yanzu, akwai hayaniya, a riƙe waya da kyau.

Tsakar rana a Freedom Park

Daga filin zuwa titin Broad bai fi tafiyar kwata ɗin awa ba. In rana ta yi zafi ko uwargida ta gaji, ku hau mota, ba gasa kuke ba.

Wannan lambu tsohon gidan yarin Turawan mulkin mallaka ne, wanda aka gina tun shekarun 1880. Herbert Macaulay ya kwana a ciki, haka shugaban ƙwadago Michael Imoudu, haka Obafemi Awolowo da Anthony Enahoro. Bayan an rushe kurkukun wurin ya daɗe a yashe, har mai zanen gine-gine Theo Lawson ya tsara a mayar da shi wurin shaƙatawa, aka buɗe a Oktoba 2010, lokacin cikar Nijeriya shekara 50. Tsohuwar katangar jan bulo tana nan. An fitar da girman ɗakunan fursuna yadda suke a da, ku shiga ɗaya ku miƙe hannuwa ku ji ƙuncinsa. Babban dandamalin da ake wasa da kiɗa a kai kuwa, a inda ake rataye mutane aka gina shi. Ku riƙe wannan a rai, domin in a nan wasanku na dare yake, kallon zai yi muku wani nauyi daban.

Ga inuwa, ga kujeru, ga masu sayar da abin sha mai sanyi. Ina roƙon maigida abu guda a nan: ka sa wayar a aljihu. A gida akwai yara, akwai baƙi, akwai surukai, akwai majalisa, da wuya ku samu rabin awa ku biyu babu mai sallama. Wannan rabin awar na daga cikin abin da kuka zo nema, kada ka kashe ta wajen amsa saƙonnin kasuwa.

Azahar

Wajen 1:15 ku nufi Babban Masallacin Legas a titin Nnamdi Azikiwe, mai hasumiya huɗu, wanda aka buɗe a 1988. Hanyar ta bi ta dandalin Tinubu, mai sunan Madam Efunroye Tinubu, hamshaƙiyar 'yar kasuwa ta ƙarni na 19. Daga nan kun shiga bakin kasuwar Balogun da Idumota, kuma cinkoson ranar Asabar ba wasa ba ne. Mota ba za ta kai ku ƙofa ba, sai ku sauka ku taka. Jaka ta dawo gaba. Kafin ku rabu zuwa wajen alwala, uwargida ta tambayi sashen mata, kuma ku ajiye magana a kan takamaiman ƙofar da za ku haɗu, don masallacin ƙofofinsa da yawa kuma waya ba ta jiwuwa a hayaniyar nan. Takalma a leda, a shiga da su.

Kusa da nan, a titin Martins, akwai masallacin Shitta-Bey, ƙarami, ya maƙale tsakanin shaguna har mutum zai iya wuce shi bai sani ba. Attajiri Muhammad Shitta, haifaffen Saliyo, shi ya gina shi da kuɗinsa, magina 'yan asalin Brazil da suka dawo Legas suka yi aikin da salon gininsu, aka buɗe a 1894. Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na Biyu ya aiko wakili, Abdullah Quilliam, Baturen Liverpool da ya musulunta, ya kawo wa Shitta sarautar Bey. Wanda ya ɗauka Musulunci baƙo ne a Ikko, tsayuwar minti biyar a gaban wannan gini za ta gyara masa tunani.

Yanzu ga jarrabawar. Kuna tsakiyar ɗaya daga cikin manyan kasuwannin atamfa da leshi na Afirka ta Yamma, kuma idon uwargida zai gani. Ku yi yarjejeniya tun da safe: yau ba ranar sayayya ba ce. Taura biyu ba ta taunuwa. Balogun tana cin yini sukutum, kuma ba a shiga gidan wasa da ƙunshin kaya. Amma maigida ya cika alkawari, ya ware mata wata safiyar ta musamman, ya kuma raka ta.

Abinci da hutu

Ku fito daga kasuwa ku kira mota daga wajen Marina ko titin Broad, inda direba zai iya tsayawa. In wasanku a Terra Kulture yake, ku ci abinci a can ko kusa da can. Kun zo ƙasar Yarbawa, ku ɗanɗana nasu. Amala tuwon garin busasshiyar doya ne, baƙi-baƙi, mai laushi, ana zuba masa ewedu, wato miyar lalo, da gbegiri, miyar wake, a ɗiga jar miya a kai. Wanda ya saba da miyar yauƙi ba zai ji baƙunta ba. Akwai shinkafar ofada mai ƙamshin daddawar Yarbawa, miyarta cike da ganda da kayan ciki. Yajinsu ba irin namu ba ne, attarugu ne ɗanye a cikin miya, don haka mai gyambon ciki ya faɗa tun kafin a zuba. Ku tambayi irin naman kai tsaye, domin wasu wuraren suna sayar da alade da naman daji. In zuciya ba ta kwanta ba, kifi yana nan, kuma kifin Legas ba ya ba da kunya.

Kada ku cika ciki. Tuwo mai nauyi da sanyin na'ura da duhun zaure, in suka haɗu, barci ne.

Daga 3:30 zuwa 5:30 hutu ne. Masu ɗaki kusa su koma, su yi La'asar, su kishingiɗa, su yi wanka. Na san za a ce an zo Legas kuma a kwanta da rana? E. Zafin Ikko mai gumi ne, yana tsotse ƙarfi fiye da busasshen zafin Arewa, kuma wanda ya shiga wasa a gajiye kuɗinsa ya yi asara.

Waɗanda masaukinsu ke nesa, ga abin da za su cike gurbin da shi. Su je tashar Marina su hau jirgin shuɗin layi, tasha ɗaya tak. Jirgin yana bi ta saman ruwa, ana hango jiragen ruwa na Apapa, ya sauke su a gaban babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu. An kammala shi a 1976 don bikin FESTAC na 1977, an kwaikwayi wani zaure da ke Varna a Bulgeriya, kuma fasalinsa na hular hafsan soja ne. A 2024 aka sa masa sunan Wole Soyinka, bayan bankunan ƙasar nan sun ɗauki nauyin gyara shi. Su kalle shi, su dawo a jirgi na gaba. Su duba jadawalin dawowa kafin su hau, kuma ƙarfe 5 ta same su a Marina.

A ƙofar zaure

Ku isa da awa guda a hannu. Tafiyar da taswirar waya ta ce minti 10 ce, da yammacin Asabar ta Disamba tana iya zama 40, don ranar bukukuwan aure ce kuma kowa na kan titi. Da kun isa ku nuna tikiti, ku gano inda banɗaki yake, ku yi alwala. Ku tambayi masu gadi inda ake sallah. Da wuya a rasa Musulmi a cikinsu ko cikin direbobin da ke jira, kuma sau da yawa da Hausa za a amsa muku: "Alhaji, ga inda muke yi can, Hajiya kuma ta shimfiɗa daga wancan lungun." Dardumar nan da kuka ɗauko, yanzu ne ranarta.

Mutanen Legas suna son ganin kaftani da hula da atamfa, ku yi shigarku ta gida da alfahari. Abu biyu kawai. Uwargida ta sassauta tsayin ɗaurin ɗankwali, don akwai mai zama a bayanta da shi ma ya biya. Kuma ta riƙo mayafi mai ɗan kauri, zaurukan nan sanyinsu yana shiga ƙashi.

Da an rage fitilu, waya ta yi shiru, kuma kada a haska fuskarta. Ba a ɗaukar bidiyo. Ɗan wasan da ke kan dandamali yana ganin hasken nan, yana jin ƙarar nan, kuma ba shi da damar a yanke a sake ɗauka kamar a fim. Wannan shi ne daɗin wasan daɓe: abin da ya faru a daren nan ya faru ke nan, gumin da ke goshinsa na gaske ne, gangar da ake bugawa kuna jin ta a ƙirji. Mu da muka tashi da tashe da wasannin makaranta da na dandali, abin ba baƙo ba ne gare mu, sai dai a nan an ƙara masa fitilu da tufafi da horo na watanni.

'Yan kallon Legas ba sa zama kamar an ɗaure su. Suna dariya da ƙarfi, suna tsaki in mugu ya fito, wani lokaci har su amsa wa ɗan wasa magana. Ku saki jiki. In ɗayanku ya fi jin Turanci ko Burokin, ya raɗa wa ɗayan a taƙaice, dogon bayani ya jira hutun tsakiya. Hutun kuma gajere ne, layin banɗakin mata yana tsawo, uwargida ta tashi da an kunna fitila. A ƙarshe 'yan wasa za su fito su jeru su rusuna. Ku tafa musu sosai, in ya burge ku ku miƙe tsaye. Kada ku fice ana tsakiyar wannan don gudun cinkoso, raini ne ga mutanen da suka yi awa biyu suna muku aiki.

Komawa

Za a tashi wajen 9 zuwa 9:30. Kowa zai kira mota a lokaci guda, farashi ya hau. Ku zauna a harabar minti 15 ko 20, ku sha wani abu, ku yi hirar wasan tun yana da zafi: wa ya fi burge ki, me ya sa ka yi dariya a wuri kaza. Kafin ku gama farashin ya sauko. In mota ta iso, ku duba lambarta da fuskar direban su dace da abin da ke waya kafin ku buɗe ƙofa, ku tura wa wani ɗan uwa bayanin tafiyar. Gilashi a rufe, waya a ƙasa da taga in an tsaya a cinkoso. Duk motar da ta tsaya da kanta tana kiran fasinja, ko da akwai mata a ciki, kada ku shiga.

In yunwa ta dawo, Obalende da Ikoyi suna kan hanya, kuma tsirensu ya yi suna a duk faɗin Legas. Masu tukubar 'yan gida ne, ka yi sallama da Hausa ka tambayi mutumin ina ne, za ka ji Sakkwato ko Katsina ko Maraɗi. Maigida ya sauka ya sayo, uwargida ta jira a mota, ku ci a masauki bayan Isha'i. Masu komawa Agege ko Mile 12 su bar tsiren nan, akwai irinsa a unguwarsu, su kama gada kai tsaye.

Lekki ba ta shiga wannan yinin ba da gangan. Gandun dajin da ke can, mai gadar igiya ta mita 401 a saman itatuwa, da gidan zane-zanen Nike mai hawa biyar, duka sun cancanci gani, amma hanyar Lekki zuwa Epe tana iya cinye awa biyu a tafi da dawowa. In kuna da rana ta biyu, ku ba su safiyarta, ku isa gandun da an buɗe ƙofa kafin rana ta ɗaga, kuma kada uwargida ta riƙe leda mai abinci a hannu, birran wurin ƙwace suke yi.